Ruwa kafin fenti: abin da aikin filin ƙwallon dawaki ya koya mini

Na ajiye aikin kula da fili da barga a wani kulob na ƙwallon dawaki da ke tsakiyar gari, wannan rubutu kuma na wanda zai gaje ni ne, da abokan sana'a na wasu garuruwa. Ba zan tsaya kan share barga da yankan ciyawa da shafa wa katako farar ƙasa ba, duk wanda ya kwana biyu a wurin ya san su. Abin da zan yi magana a kai ba ya cikin takardar miƙa aiki: yadda fili ke zama tarkon dawaki a dare ɗaya, da wanda ake ɗora wa laifi in gari ya waye.

Filayen nan namu tsofaffi ne. A Legas tun 1904 ake buga wasan, kofin Georgian na Kaduna tun 1919 ake fafatawa a kansa, Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya rungumi wasan har ya zama na gidan sarauta, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuma ya yi ficen da har yau ake ba da labarinsa. Lokacin da aka yanke yawancin filayen, a bakin gari suke, ga ciyawa, ga wurin zubar da kashin doki ba mai cewa uffan. Yanzu gari ya zagaye su. Maƙwabta sun haƙa rijiyoyin burtsatse ta kowace kusurwa, ruwan ƙasa ya yi nisa, kowane taƙi na filin kuma akwai mai kallonsa da idon fuloti. Tsohon filin sukuwar Legas shi ne ya koma Dandalin Tafawa Ɓalewa a 1972, aka malale shi da kankare. Mai kula da filin dawaki a birni da wannan fargaba yake kwana, amma wadda ta fi kusa da wuyansa ta ruwa ce.

Ga lissafin, don yawancin 'yan kwamiti ba su taɓa zama sun yi shi ba. Fili mai katako a gefe tsawonsa yadi 300 ne, faɗinsa yadi 160, wato kusan mita 274 da mita 146. Hekta huɗu ke nan. In aka haɗa da sararin da ƙa'ida ta ce a bari don doki ya samu wurin cin birki, yadi 10 a kowane gefe da yadi 30 a bayan kowace gola, ya haura hekta biyar. Ruwa mai kaurin milimita ɗaya a kan hekta ɗaya lita 10,000 ne, saboda haka filin wasan kaɗai yana shan lita 40,000 kafin a ce ya samu milimita ɗaya. A hunturu da bazara, a ƙasa irin ta Kano da Katsina da Zariya, rana da iska suna ɗauke wa fili mai ciyawa milimita biyar zuwa bakwai a yini. Lita 200,000 zuwa 280,000 ke nan kullum. Rijiyar da ke ba da lita ɗaya a sakan, ko da ba a kashe ta ba dare da rana, lita 86,400 za ta tara, rabin bukata ma bai samu ba. Kuma ba rijiyar da ke aiki awa 24, wuta ba ta kai haka, sola kuwa faɗuwar rana ce iyakarta.

Tankar ruwa mai cin lita 10,000 a ido babban abu ce. A kan filin nan kashi ɗaya cikin huɗu na milimita ɗaya take zubawa.

Abin da ya faru a wurinmu bai wuce wannan ba. Sumo, wato injin da ke can cikin rijiya yana turo ruwa sama, ya ƙone daidai ɗaukewar ruwan sama. An rubuta, kwamiti ya amince da kuɗin sabo, sai ciyaman ya karkatar da su zuwa rumfar manyan baƙi: tayil, fenti, sababbin kujeru, na'urar sanyaya ɗaki a falon sama. Hujjarsa ita ce masu ɗaukar nauyin gasa rumfa suke gani, ba sa ganin famfo. Makonni suka shuɗe ba ɗigon ruwa. Ciyawar filin, wato kiri-kiri, ta yi ja, ta kwanta, ƙasa ta tsage ta koma faƙo, musamman gaban gola biyu da tsakiyar fili inda aka fi takawa. Ana gobe buɗe gasa ciyaman ya zo da la'asar, iska ta kwaso ƙura ta watsa wa sabon fentinsa, nan take ya ba da umarni a kawo tankoki a jiƙa fili cikin dare.

Helumanmu, dattijon da ya san kowane kwari da tudu na filin nan, ya ce masa: "Ranka ya daɗe, in aka zuba wa faƙo ruwa da daddare, santsi za a tarar da safe." Amsar da ya samu ita ce: "Baba, ƙura nake so ta kwanta, ban zo jin lacca ba." Ba a fafe gora ranar tafiya, amma aka fafe.

A ce tanka goma aka zuba, milimita biyu da rabi ke nan. Busasshiyar ƙasa tana bukatar wajen milimita 10 zuwa 15 kafin laima ta kai zurfin santimita 10, wato tanka 40 zuwa 60, kuma a hankali, ba a kwarara lokaci guda ba. Faƙo ba ya shan ruwa da sauri. Abin da aka zuba sai ya gudu ya taru a kwari da cikin sawun taya, don tanka cike tana ɗauke da tan goma na ruwa ban da nauyin kanta, duk inda ta bi sai ta bar hanya biyu a danne. Da safe in ka sa shebur ka yanka, za ka ga baƙar ƙasa mai laima kaurin yatsa biyu a sama, tana mannewa a ƙarfen, ƙarƙashinta fara fat, shebur na ƙara in ya same ta. Taku biyar gaba kuma busasshe ne ƙayau, inda bakin tiyo bai kai ba. Daga rumfa fili ya yi duhu, ya yi kyau, ƙura ta kwanta. Har yabo aka yi.

Kofaton doki in ya sauka a guje yana bukatar abu biyu a jere. Da farko ya ɗan nutse ya ɗan zame gaba kaɗan, don ƙasa ta sha wani ɓangare na nauyin. Sannan ya kama, ya samu abin da zai tura. Ƙasa mai tauri tana hana na farko, duk bugun sai ya haura zuwa gaɓoɓi da ƙashin ƙwauri. Ƙasa mai zurfin yashi tana hana na biyu, agara ta yi ta miƙewa fiye da ƙima har ta gaji. Taɓo a kan faƙo kuwa ya haɗa sharrin duka biyu: kofato ya ratsa laimar ya daki tauri, sannan ya zame ta gefe, don ba abin da ya riƙe saman da ƙasan. Abin da ya fi wannan muni shi ne rashin daidaito. Doki yana auna ƙasa a takunsa na farko-farko, ya saita jikinsa a kanta. In ta canza masa a tsakiyar gudu, daga busasshe zuwa santsi, ba shi da lokacin sake saiti, ga mahayi na jan linzami yana neman ya juya shi a kan ƙafafun baya.

A zagaye na biyu na wasan farko wata goɗiya 'yar Ajantina ta zo juyawa kusa da layin da ke yadi 60 daga gola, ƙafafun bayanta suka tafi gefe guda, ta dafe da ta gaba don kada ta faɗi. Ta tashi a kan ƙafa uku. Kafin magariba bayan ƙwaurinta na gaba ya kumbura ya yi baka, da zafi in ka taɓa. A wasa na gaba wani doki ya kife gaba ɗaya, mahayinsa ya karye a kafaɗa. Sai a lokacin aka tsayar da wasa.

Agarar da ta tsage haka tana cin wata tara zuwa shekara kafin a yi maganar komawa fili, kuma naman da ke cike gurbin ba ya da talalar na asali, shi ya sa ciwon yake yawan dawowa. Abin da ake yi a ranar farko sananne ne: ruwan sanyi ko ƙanƙara na minti 20 sau da yawa a yini, a ɗaure ƙafar da bandeji mai auduga a ciki, a ɗaure 'yar uwarta ma don ita ke ɗaukar nauyin yanzu, a tsare dabbar a ɗaki, a kira likitan dabbobi. Masu cewa a murza man zafi ko a ɗora ƙarfe mai wuta a ranar, a ba su haƙuri su matsa. Wurin da ke ƙuna ba ya bukatar ƙarin wuta.

Da kwamiti ya zauna, abin da aka rubuta shi ne "sakacin ma'aikatan fili". Aka sallami heluma. Mako na zagayowa aka sayo sumo, ba wanda ya yi gardamar kuɗi. Ciyaman yana nan a kujerarsa, kuma in ana jawabi yakan ambaci yadda ya farfaɗo da filin.

Darasin farko da na ɗauka daga nan ba na ƙasa ba ne, na takarda ne. Duk gargaɗin da aka yi da baki a gefen fili, ranar bincike babu shi. In famfo ya lalace a rubuta a ranar, da kwanan wata, da adadin litar da fili ke rasawa kullum, da abin da zai biyo baya in an kai mako biyu, a ba sakatare ya sa hannu a kan kwafi, a kai wa kyaftin ɗin wasa nasa. In aka ba da umarnin da ka san zai cutar da doki, ka nemi a ba ka shi a rubuce, ko da saƙon waya ne. Mai umarnin yakan sake tunani in ya ga sunansa zai zauna a ƙasan maganar. Kuma tun kafin gasa a fayyace wanda ke da ikon cewa fili bai dace da wasa ba. In ikon yana hannun mutumin da ya gayyato baƙi ya buga kati, fili ba zai taɓa rashin dacewa ba. Ya kamata ya kasance a hannun mutum uku: mai kula da fili, likitan dabbobi da babban alƙalin wasa, su taka filin da ƙafa da safe, su sa hannu.

Sauran na ƙasa ne. Ban ruwa ana fara shi ne tun laimar damina ba ta gudu ba, don riƙe laima ya fi dawo da ita sauƙi nesa ba kusa ba. A ba da ruwa mai yawa jefi-jefi, milimita 12 zuwa 15 sau biyu ko uku a mako, cikin dare ko da asuba lokacin da iska ta kwanta. Yayyafi kullum yana sa saiwar kiri-kiri ta tsaya a sama, doki na juyawa sai ciyawar ta ɓalle kamar tabarma. A dakatar da ruwa mai nauyi kwana ɗaya zuwa ɗaya da rabi kafin wasa, saman ya sha iska, laimar ta zauna a ƙasa inda ake son ta.

Kada a yarda da agogo wajen auna ruwa, a yarda da gwangwani. A jera gwangwanayen madara ko na tumatir marasa murfi, masu miƙaƙƙen baki, kamar ashirin a faɗin inda mafesa ke kaiwa, a kunna na awa ɗaya, a bi su da rula. Nan za ka ga wani ya tara milimita takwas, na kusa da shi uku, saboda bakin mafesa ya toshe da yashi ko ƙarfin ruwa ya ragu a ƙarshen bututu. Awon tauri kuma rodi ne mai kaurin milimita 10 ko doguwar sukundireba. A danna da ƙarfin hannu ɗaya, ba tare da an hau kai ba. In ta shiga santimita takwas zuwa goma, ƙasa ta yi. In ta tsaya a biyu ko uku, akwai aiki. A gwada a wurare da yawa, gaban gola, tsakiya, bakin katako, kusurwoyi, a rubuta a littafi. Bambancin da ke tsakanin wuraren ya fi kowane adadi guda muhimmanci.

Fili mai ciyawa yana son rijiya biyu aƙalla, da wurin tara ruwa a ƙasa wanda zai ɗauki bukatar kwana biyu, don rijiya ta yi ta zuba a hankali yini guda, injin sama ya kwasa da ƙarfi cikin dare. Tankin roba na lita 5,000 a kan ƙarfe na barga ne da banɗaki, ba na fili ba. Da damina, lokacin da ƙasa ke da taushi, a bi fili da abin huda ƙasa mai haƙora zuwa zurfin santimita 10 ko fiye, sannan a watsa yashin rafi wankakke, tatacce, a ja shi ya cika ramukan. Kaurin milimita biyar a hekta huɗu kubik mita 200 ne na yashi, wajen tifa 20 in kowace tana cin kubik mita 10. A tsaya a kan kowace tifa kafin ta juye, don mai kwangila in ya ga ba kowa, jar ƙasa mai tsakuwa zai kawo, ita kuwa in ta bushe siminti ce. Ciyawa a riƙe ta a santimita biyu zuwa biyu da rabi, kada a yanke fiye da sulusin tsawonta a yanka ɗaya. Inda kofato ya ɓantare, a mayar a take lokacin hutun rabin lokaci, bayan wasa kuma a bi da yashi gauraye da ruɓaɓɓen taki a cike.

In kulob ba shi da ruwan da zai riƙe ciyawa, gara ya faɗa wa kansa gaskiya ya yi filin ƙasa. Ba abin kunya ba ne, an buga manyan wasanni a kan ƙasa a Arewa tun kafin a haife mu. A bi da haro mara zurfi a samu santimita biyar zuwa bakwai masu laushi a sama, a ja katako ko ƙarfe a daidaita, a tsince duwatsu, a yayyafa ruwa don ƙura ta bututu daga gefe. Filin ƙasa da aka gyara ya fi ciyawar da ta mutu rabi, mai tsibi nan, faƙo can. In kuma aka wayi gari ana gobe gasa fili ya riga ya ƙeƙashe, zaɓi uku ne: a ɗage, ko a kakkarce saman a rage tsawon wasanni, ko a buga a busasshe yadda yake. Tauri mai daidaito mahaya suna jin sa a jikinsu su sassauta. Tanka dai kada ta hau fili.

Sai maganar haya, wadda ita ce hanya ta biyu da ake kashe fili a birni. Sarari mai hekta biyar a tsakiyar gari kowa na so: taron siyasa, baje koli, biki, wa'azi, wasan mawaƙa. Ba sabon abu ba ne, Dandalin Murtala na Kaduna ma ya ɗauki hawan daba na bikin FESTAC a 1977. Kuɗin haya kuma shi ke biyan albashi a watannin da ba gasa, don haka hana shi gaba ɗaya magana ce ta wanda bai taɓa riƙe asusun kulob ba. Amma masu kafa rumfuna suna buga rodi mai tsawon kamu biyu a ƙasa, in sun tashi wanda ya ƙi fita sai su dake shi ya nutse su tafi. Damina ɗaya ta wanke saman, kansa ya leƙo. Ƙusa, waya, fasasshiyar kwalba, murfin lemo, tsinken tsire, duk suna zama cikin ciyawa. Ƙusa ɗaya a tsakiyar tafin kofato tana iya kaiwa ga gaɓa ko ta jawo tetanus.

Yarjejeniyar haya ta ƙunshi kuɗin ajiya da ba a mayarwa sai an duba fili, da sharaɗin ba a buga komai a ƙasa, a danne rumfa da durom mai ruwa ko buhun yashi. Babbar mota da janareto su tsaya a wajen katako. Ba haya cikin makonni shida kafin gasa, ba haya washegarin ruwan sama. Bayan taro ma'aikata su jeru kafaɗa da kafaɗa su taka filin daga gola zuwa gola, a ja maganaɗisu a bayansu, sannan a sake bi ta faɗi. Leda kuma a tsince ta har a bayan barga, don dokin da ya haɗiye ta bakinsa ba zai faɗa maka ba sai hanji ya toshe. Wahalar ita ce, mai neman haya galibi abokin wani babba ne, kuma shi ne ba ya son biyan kuɗin ajiya.

A barga abin da aka fi kuskurewa iska ce. An ɗauka ɗakin bulo mai rufin kwano da ƙofar ƙarfe shi ne ci gaba, alhali a watan Afrilu tanda ne. Turke a ƙarƙashin rumfa mai tsawo ya fi shi lafiya. In za a gina, ɗaki ya kai mita 3.6 kowane gefe ga manyan dawakin waje, ƙofa mita 1.2 mai buɗewa waje, rufi ya haura mita uku, bango ya tsaya daidai ƙirjin mutum, daga nan zuwa sama a bar shi a buɗe da sanduna. Daɓe ya zama mai kaushi, da 'yar gangara zuwa kwata. Don ka san ko ɗaki na shan iska, shiga da asuba kafin a share, ka durƙusa daidai inda hancin doki yake in ya kwanta. In zaurin fitsari ya sa idonka hawaye, shi a ciki ya kwana. Ɓuntun shinkafa ko garin katako mai kauri suna yin shimfiɗa, amma kada a zuba abinci a kan yashi, yana taruwa a hanji a hankali.

Doki yana shan lita 30 zuwa 50 a yini, a bazara in yana aiki ya wuce haka. Lokacin gasa kowane ɗan wasa da dawaki uku, huɗu ko fiye yake zuwa, don haka baƙin dawaki 100, sha da wanka, tanka guda ce kullum, kuma wannan ruwan ba a taɓa shi don fili ko don rumfa. Baƙi a ba su layinsu daban, kowa da bokitinsa. Kwami ɗaya na kowa da kowa shi ne hanyar da mura ke bi, kuma wanda ya ga yadda murar dawaki ta yi ɓarna a Sakkwato da Nijar daga ƙarshen 2018 zuwa 2019, jakuna na faɗuwa, ba zai yi wasa da tari ɗaya ba. Sabon doki da aka saya a keɓe shi mako biyu zuwa uku, a auna zafin jikinsa safe da yamma, in ya haura digiri 38.5 a ma'aunin Celsius a kira likita. Dawakin da aka shigo da su daga waje sun fi na gida saurin mutuwa da cutar dawakin Afirka (African horse sickness) da ƙananan ƙwari masu cizo da magariba da asuba ke yaɗawa a ƙarshen damina, don haka rigakafi, fanka da raga mai ƙananan ido ba almubazzaranci ba ne a kansu.

Ciwon ciki kuwa yawancinsa daga hannunmu yake. Tumbin doki ƙarami ne, kuma ba ya amai. Hatsi, dawa ce ko gero ko dusa, kada ya wuce kilo biyu a ci ɗaya ga babban doki, a raba sau uku, harawa ta fi yawa. Canjin abinci a yi shi cikin kwana bakwai zuwa goma. Harawar da aka saya da kaka a ɗora ta a kan katako, a buɗe tsakiyar dami a sansana kafin a biya, mai fumfuna a mayar. Dokin da ke waiwayen cikinsa, yana tonon ƙasa, yana neman birgima, ba kashi, a ɗauke abinci a kira likita, in bugun zuciya ya haura 60 a minti kada a jira safiya. Ɗura mai ko jiƙon kanwa ta hanci ya kashe dawakin da ciwon cikin da kansa zai bari, don huhu yake tafiya.

Sauran a taƙaice. Turakun gola su zama masu karyewa ko faɗuwa in doki ya buge su, tazararsu yadi takwas, kada a yarda da bututun ƙarfe ko da kyauta aka kawo. Katakon gefe kada ya wuce inci 11, a bi shi da hannu a nemo kan ƙusa. Ɗakin harawa nesa da barga, wayar wuta a cikin bututu, kuma kowace ƙofar barga ta buɗu ba tare da neman mai makulli ba. Juji a can ƙarshen iska, a yi ciniki da masu lambu su riƙa kwashewa duk mako kafin maƙwabta su kai ƙara. Gidan gara da ramin gafiya a duba su duk safiya, a tone har ƙasa, cikewa da ƙafa ba ta wadatar. Ƙofar shigar dawaki daban da ta motoci da 'yan kallo. Ba a jefa ƙwallo sai motar asibiti, likitan dabbobi, motar ɗaukar doki da tamfol na kare idon jama'a suna bakin fili, kuma a tabbata motar asibitin akwai mai a cikinta. Yaran barga a biya su a kan lokaci, su ne ke fara ganin dokin da bai cinye abincinsa ba.

Littafin awon rodi da na gwangwani yana cikin durowar ofishin fili, tare da kwafin duk takardun da aka rubuta kan famfo, kowace da sa hannun wanda ya karɓa. Sumo na biyu yana sito a cikin kwalinsa, na sa an saye shi kafin in tafi. Za a zo aron sa don gidan wani babba, a ce kwana biyu ne. Kada a bayar.